Gwajin Fitila

Ba wanda ya iya tuna wanda ya fara kiranta Kwafi a gidan, amma dalilin bai ɓuya ga kowa ba. Yarinyar nan in ta yi minti biyar da mutum, to ta kwashe shi kaf: tafiyarsa, tarinsa, har yadda yake cewa "to" idan an ɓata masa rai. Tana 'yar shekara huɗu ta taɓa shigowa falo tana ɗingishi, hannu dafe da ƙugu. Hankalin Mama ya tashi, har ta ɗauko jaka za a tafi asibiti, ashe Kaka yarinyar take yi. Kaka kuwa tana zaune tana kallo, ko gezau. Ta ce, "Ku rabu da ita. Ni ƙafar hagu ke min ciwo, ita ta dama ta ɗauka. Ko satar ma ba ta iya ba."

A lokacin abin dariya ne. Da ta kai shekara goma sha shida sai abin ya bar wasa ya koma sutura, don ba ta ƙara yin kwaikwayo a yi dariya a tashi ba. Sai ta ɗauki mutum ta saka shi mako guda cur. Akwai makon malamar lissafi, wanda ta daina amsa magana sai da kalma ɗaya, tana leƙen mutane ta saman tabarau da ba ta da shi. Akwai makon Yaya, babbar yayarta mai aiki a kantin magani, wanda ta riƙa ɗaga haɓa tana cewa "ba ni da lokaci" ga duk wanda ya aike ta, alhali lokaci ne kaɗai abin da take da shi a duniya. Mafi wahala shi ne makon Gimbiya, wata 'yar ajinsu mai magana ta hanci da tsuke baki, wanda sai da Mama ta sayo mata maganin mura.

Kullum da safe in ta fito, Baba yakan ɗago daga kofin shayinsa ya ce, "To, yau wa muka samu?"

Ita ba ta ganin abin dariya a ciki. Neman kanta take yi, tsakaninta da Allah, kuma a ganinta mai nema dole ya gwada. Matsalar kawai ita ce duk wadda ta gwada, ranar Alhamis sai ta fara matse ta.

Ana haka sai makaranta ta raba fom na jarrabawar fita. Aka ce kowa ya kawo hoton fasfo biyu ranar Juma'a, kuma hoton da aka kawo shi za a buga a jikin takardar shaidar kammalawa. Yaya ce ta ƙara wa abin gishiri. Ta nuna tata takardar da ke rataye a bangon falo, inda ta fito da ido waje kamar an kama ta tana buɗe firji.

"Kin ga wannan?" in ji Yaya. "Duk ofishin da na shiga neman aiki sai ya riga ni shiga. Ki tsaya ki zaɓi fuska, don wadda kika ba su ita za ta bi ki har tsufa."

Maganar nan ta zauna wa Kwafi daram. Mutumin da bai iya riƙe fuska ɗaya kwana bakwai ba, an ce ya zaɓi ta shekara hamsin.

Abin da ya ƙara dagula lissafi shi ne, mai hoton ba wani ba ne, Baba ne. Shagonsa siriri ne, a matse tsakanin mai aski da mai gyaran waya. A ciki akwai farin ƙyalle a bango, da kujera mai juyawa wadda ƙafarta ɗaya ke bisa kwali, da fitilu biyu masu lema, da na'urar buga hoto da ba ta tashi sai an ɗan dake ta a gefe. Kusa da ƙofa akwai madubi, da mataji ɗaure da zare don kada ya bi wani gida. Can a lungu kuma teburin yanka hotuna, inda Kwafi ke zama kullum bayan makaranta tun tana 'yar shekara goma.

Baba yana da dabara guda, kuma da ita ya riƙe gida. Ya ce mutum in ya zauna gaban kyamara, fuskarsa yake cirewa ya saka wadda yake so a ce tasa ce. Saboda haka da zarar mutum ya hau kujera, kafin ya gama gyara wuyan riga, sai Baba ya ce, "Ɗan saurara, bari in gwada fitila." Haske ya walƙa. Shi ke nan an gama. Daga baya sai ya ce a shirya, ya ƙirga ɗaya, biyu, uku, ya ɗauki na biyu don kada mutum ya ga an yi masa rowa. In ya nuna su biyun a fuskar kwamfuta, cikin goma tara na farkon suke nunawa, suna yaba wa kansu yadda suka iya tsayuwa.

Ranar Laraba Kwafi ta hau kujerar da kayan makaranta an goge su sun yi ƙarfi.

"Baba, kada ka yi min maganar fitila. Na san ta."

"Ni na isa?" in ji Baba. "Ai ba a yi wa ɗan gida. Ke za ki ce in ɗauka."

Ta shirya fuska huɗu, ta yi kwana biyu tana bitar su. Ta ɗaga haɓa ta ce ɗauka. Ta sauke kai ta leƙo ta sama ta ce ɗauka. Ta tsuke baki ta ce ɗauka. Ta huɗun sabuwa ce, ta wata mai karanta labarai a talabijin, murmushin da ba ya nuna haƙori kuma ba ya kaiwa ido. Baba ya ɗauki duka huɗun. Ya daki na'ura, ta yi tari ta fito da su, Kwafi ta yanka da hannunta, ta zuba a ambulan.

Da yamma ta kai wa Kaka, don Kaka ce alƙalin gidan a duk abin da ba ya bukatar tashi tsaye. Mama na yanka albasa a bakin ƙofar kicin, Yaya na cire takalmi. Kaka ta saka tabarau, ta jera hotunan a kan cinyarta.

"Wannan yayarki ce, ranar da aka ce ta wanke tukunya." Ta ajiye. "Wannan malamar nan ce da ta zo gaishe ni, mai kallon mutum kamar ya ci mata wani abu. Wannan ban san ta ba, amma Allah Ya ba ta lafiya, hancinta ya toshe. Wannan kuma matar talabijin ce, har ta rame." Ta juya ambulan ta zazzage, ta leƙa ciki. "To ke ina naki? Ko bai fito ba?"

Mama ta yi dariya har da share ido da bayan hannu, Yaya ta zube a kan kujera. Kwafi ma ta yi dariya, sai dai tana cikin yi ta ji dariyar ta Mama ce.

Ta kwashe hotunanta ta shige ɗaki, ta tsaya gaban madubin da ke jikin ƙofar kabad. Ta ce bari ta cire kowa ta ga abin da zai rage. Ta sauke haɓar Yaya. Ta saki bakin Gimbiya. Ta daidaita ido. Abin da ya rage fuska ce a sake, mai nuna gajiya, kuma ta gane ta nan take: fuskar Mama ce in ta dawo daga kasuwa. Ta ɓata rai, sai ga Baba in na'ura ta cinye takarda. Ta yi tsaki, tsakin ma na Kaka ne.

Tsoro ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda ba ta taɓa ji ba. Ba tsoron hoto mara kyau ba ne. Ta fara zargin cewa Kaka ba wasa ta yi ba, wato in aka zazzage ambulan ɗin nan da ake kira Kwafi, babu komai a ciki sai mutanen wasu. Ta zauna bakin gado ta yi kuka kaɗan, kuma ko a cikin kukan sai da ta tsaya ta saurara ta ji ko na wani ne.

Ranar Alhamis ta zo shago ba ta saka kowa ba. Ta zauna a lungunta tana yanka hotunan wani direba, ba magana. Baba ya lura tun shigowarta, amma shi mutum ne da ba ya tambaya sai ya gama goge gilashin kyamara, kuma ranar ya goge shi har sau uku.

Ita ce ta fara. "Baba."

"Na'am."

"In aka cire duk mutanen da nake kwaikwaya, me zai rage?"

Baba ya hura gilashin ya ƙara gogewa. Ba gwanin dogon bayani ba ne, duk hikimarsa a yatsa ɗaya take. Ya ce, "Taso ki zauna nan gaban kwamfuta. Kin ga wancan wurin da na rubuta 'gwaji'? Buɗe."

Ta buɗe. Hotuna suka cika fuskar kwamfutar, ta ja ƙasa, wasu suka biyo, ta ƙara ja, ba su ƙare ba. Duk lungu ɗaya ne, tebur ɗaya, yarinya ɗaya.

Ashe fitilun Baba suna da gwaji na gaskiya. Kullum da rana in ya kunna su bayan hutu, dole ya harba sau ɗaya ya ga ko haske ya daidaita, kuma abin da ke gabansa a lokacin shi ne lungun tebur. Walƙiyar nan ta zame wa Kwafi kamar ƙarar fanka, ta daɗe da daina jin ta.

"Shekara shida," in ji Baba. "Ya kamata in riƙa goge su. Lalaci ne ya hana ni."

Ƙarya yake yi, kuma ita da ta san yadda kunnensa ke motsi in yana ƙarya ta gani, amma ba ta da sararin kama shi. Idonta na kan hotunan. Ga ta tana 'yar shekara goma, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba. Ga ta da haƙorin da ya karye. Ga ta a shekarar ƙuraje. Kitso ya canza, riga ta canza, tsayi ya ƙaru, amma fuskar guda ce tun daga farko har na shekaranjiya. Kai ya ɗan karkace. Gira ɗaya ta ɗaga. Leɓen ƙasa ya ɗan shige tsakanin haƙora, kamar dariya na neman hanya an tare ta. Ido kuwa tar, yana kan wani abu can wajen ƙofa, kuma duk wanda ya ga idon ya san abin da ake kallo ya shiga uku.

Ta daɗe tana kallo. Ta bi kowa a ranta, gida da makaranta da talabijin, ba ta sami mai wannan fuskar ba.

"Wa nake yi a nan?"

"Ba kowa. Nan kina kan ɗaukar mutum ne, ba ki kai ga saka shi ba. Wani ya shigo, kin kafa masa ido."

"To me ya sa ban taɓa ganin ta ba? Kullum ina gaban madubi."

"Ai shi ya sa," in ji Baba. "In kin je madubi kin daina kallon mutane, kin koma kallon kanki. Ita kuma wannan ba ta fitowa sai kin manta da ke."

Wani sanyi ya sauka a ƙirjinta. Daɗi ta ji, daɗi sosai, har da 'yar kunya, irin ta wanda ya tashi unguwa da cigiyar makulli sannan ya ji shi a aljihu. Yarinyar hoton ba kyakkyawa ba ce kamar Gimbiya, ba ta da kwarjinin malamar lissafi, amma da Kwafi za ta gan ta a aji da ta so zama kusa da ita.

"A buga min wannan," ta ce.

"Ba zai yiwu ba. Kin ba da gefe, bayanki kalanda ce ba farin ƙyalle ba, ga almakashi a hannunki. Sai su ce na kawo musu hoton tela. Hau kujera mu ɗauki irinsa."

Nan aka koma gidan jiya. Kwafi ta hau kujera, ta karkata kai, ta ɗaga gira, ta ciji leɓe, ta ce ɗauka. Baba ya ɗauka ya juyo mata da kyamara. Abin da ta gani ya yi kama da mai ciwon haƙori da ke zargin likita. Ta sake. Wannan karon kamar ƙuda ya shiga mata ido. Ta sauka ta je ta ƙare wa na kwamfuta kallo, ta auna karkatar kan da yatsa, ta dawo ta sake. Sau goma sha ɗaya.

"Duk garin nan ba wanda ya gagare ki," in ji Baba yana ƙoƙarin danne dariya, "sai wannan yarinyar."

"Baba, ba abin dariya ba ne. Gobe ne fa."

"Na sani."

"Ka yi min dabarar fitilar to."

"Ai kin ce kin san ta."

Gaskiya ne, ta san ta, kuma abin da ka sani ba ya kama ka. Ta zauna a kujerar, kafaɗa a sake, hawaye na taruwa. Ta ga fuskarta da idonta, ga ta can a kwamfuta har ɗari-ɗari, amma gobe sai dai ta kai musu haɓar Yaya ko hancin Gimbiya su manna mata har tsufa. Baba ya koma bayan kyamara yana taɓa wannan yana taɓa wancan, shi ma bai san abin yi ba.

Sai ƙofar shago ta buɗe a bayansa, wani mutum ya yi sallama.

Dogo ne, siriri, cikin kwat ɗin da ko makaho ya shafa ya san na aro ne. Kafaɗun sun wuce nasa da kusan taƙi guda, hannayen sun haɗiye yatsunsa. Yana tafiya a hankali, hannuwa a ware, kamar an ce masa in kwat ɗin ya lanƙwashe zai biya. Ya sunkuya a bakin ƙofa duk da ƙofar ta fi shi tsawo nesa ba kusa ba. Ya ce fasfo yake so na neman aiki. Sannan ya juya ga madubi, ya ɗauki matajin nan mai zare, ya dubi kansa mai sanƙo wanda gashi bai fi a ƙirga ba, ya fara taje shi da natsuwa, gefe ɗaya, sannan ɗaya gefen, ya ja baya ya duba, ya dawo ya gyara guda ɗaya da ya bijire.

Baba ya ce da shi, "Ɗan saurara, malam, bari in gwada fitila."

Kwafi ba ta ma ji ba. Tana can tana lissafin yadda mutumin ke ɗaga gwiwar hannu don kada hammatar kwat ta yage.

Haske ya walƙa.

Ta ƙifta ido, ta dubi Baba. Baba na duban bayan kyamara, kunnensa ko motsi.

"Sauko ki ba malam wuri," ya ce. "Ki je ki daki na'urar nan."

Takwas suka fito a takarda ɗaya. Ta yanka su a hankali fiye da yadda ta taɓa yanka na kowa. Kan ya ɗan karkace, amma ba har yadda makaranta za ta ƙi ba. Mai kwat ma da aka nuna masa nasa biyu, na farkon ya zaɓa, ya ce dama shi hoto na karɓarsa.

Da suka koma gida ta wuce wajen Kaka kai tsaye. Ta cusa sabon a tsakiyar tsofaffin huɗun, ta miƙa wa Kaka ambulan.

"Kuma dai? Ba na gaishe da mutanen nan jiya ba?"

"Ki dai duba, Kaka."

Kaka ta lalubi tabarau ba ta samu ba, ta ce a bar shi. Ta zazzage hotunan a cinya, ta ture na Yaya da yatsa, ta ture na malama. Sai hannunta ya tsaya. Ta ɗauki ɗaya ta kai shi kusa da taga, ta ƙura masa ido har Mama ta leƙo daga kicin ta ga lafiya.

"Ga ta nan," in ji Kaka a hankali. "Ɓarauniyar ɗingishina. Wannan ce ke leƙo ni ta kafaɗar uwarta tun ba ta iya zama ba. Kullum ina ganin ta a gidan nan, ban san ana iya kama ta a takarda ba."

Kwafi ta so ta ce wani abu, ta duba cikin duk muryoyin da ta tara ba ta sami wadda ta dace ba, sai ta yi shiru, kuma shirun bai yi mata kama da na kowa ba.

Kaka ta buɗe 'yar jakarta da take ajiye maganin ƙafa, ta saka hoton a ciki ta ja zif.

"Kaka, na makaranta ne fa."

"Ubanki na da shago, ya buga musu wani. Wannan nawa ne." Ta ƙara duban jikarta sama da ƙasa. "Har girar hagun nan da ba ta zama wuri ɗaya, ya kamo ta."

Kwafi ta dubi sauran hotunan da ke hannunta, ta kai yatsa ta taɓa girarta.

"Wannan ta dama ce," in ji Kaka. "Shekara goma sha biyu tun ɗingishin nan, har yanzu ba ki gyara ba."